Makullin Mai Alli

Shagonmu ɗaki ɗaya ne mai tsawo a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. In ka shigo, kekunan ɗinki ne a jere ta hannun dama, ta hagu kuma teburin yanka, wanda ya cinye kusan rabin ɗakin. Can ƙurya, inda iskar fanka ba ta cika kaiwa ba, nan nake zama da gwangwanin maɓallai a gabana. Tun da idona ya daina bin allurar keke aikina ya koma sa maɓalli da kalmasar hannu da tsinke zaren da ya yi saura. Mai zama a ƙurya yana ganin abubuwa ko bai nema ba.

Teburin yanka na Mai Alli ne. Ba ita ta saye shi ba, na Uwar Ɗaki ne, mai shagon, amma ko Uwar Ɗaki ba ta ɗora jakarta a kai sai ta tambaya. Sunan Mai Alli ya samo asali daga guntun allin da take sokewa a gefen ɗankwalinta. Da shi take tafiya gida ba ta sani ba. An taɓa ganinta da shi a wurin gaisuwar rasuwa, tana ta share hawaye, alli na leƙowa ta saman kunne.

Wurin kawunta ta koyi yanka. Telan maza ne mai ƙarancin magana, 'ya'yansa duk suka guji sana'ar, ita ce ta tsaya. Ta ce ta daɗe a wurinsa bai bar ta ta taɓa almakashi ba. Abin da ya fara koya mata shi ne ta rufe ido, ta murza yadi tsakanin babban yatsa da manuniya, ta faɗi ina fuska ina baya. In ta kuskure ba ya faɗa. Sai ya ce, "Sake," ya ci gaba da taka kekensa.

Da wannan ta zo mana, tana goye da 'yarta ta fari, wadda yanzu ta kusa gama sakandare. Mijinta direban bas ne, mutum mai sanyin hali, yana fita kafin ta tashi yara. 'Ya'yansu uku. Ba ta da wata ƙawa ta kusa in ba mu ba, ba ta zuwa ko'ina in ba dole ba. Ita ke buɗe shago da safe, shi ya sa makulli ɗaya yake hannunta.

Yawancin aikinmu kayan makaranta ne da na masu gadi. Irin wannan ba a yanka shi ɗaya-ɗaya. Ana shimfiɗa yadi ninki a kan ninki, fuska na kallon fuska, a zana da alli a na sama, a yanke gaba ɗaya. In ninki guda ya kwanta a juye, sai a samu rigar da gefenta ɗaya ya fi ɗaya sheƙi. Yadin makaranta kuwa fuskarsa da bayansa kamar tagwaye suke, ido ba ya raba su sai an fita rana. Mai Alli ba ta fita rana. Tana hira ko tana faɗa, hannunta na shimfiɗawa, yana juya wanda ya kamata a juya, ita ba ta ko kallo.

Sai dai tana da 'yan kwanakinta. Kowace mace a shagon tana da nata, amma na Mai Alli masu nauyi ne. Kamar mako guda kafin baƙon wata ya iso, sai zobe ya ƙi fita daga yatsanta, takalmi ya matse ta, kai ya riƙa sara. Ta sayi biskit ta cinye leda guda ba tayi. Ƙarar keken da ta saba da ita shekara da shekaru ta koma mata kamar ana buga kwano a kunnenta. Kuma duk maganar da aka yi a ɗakin, da ita ake.

Akwai Rediyo, mai keke na biyu, wadda bakinta ba ya hutawa sai in ta riƙe allura a leɓe. Yawanci ita ke taka wutsiyar ba da niyya ba.

"Yaya, wuyan nan kamar ya ɗan yi faɗi."

"Ya yi faɗi ko?"

"A'a, kamar na ce. Kamar."

"To taso ki yanka. Ga tebur, ga almakashi. Ni na gama. Dama na daɗe da sanin an gaji da ganina a nan."

Daga nan sai ta zaro makullin shago daga jaka ta jefa kan tebur. Teburin katako ne mai kauri, makullin kuma yana haɗe da wani zoben ƙarfe, sai ya yi ƙara ya yi tsalle, wani lokaci har ƙasa. Ta ja mayafi ta fita.

Karon farko Uwar Ɗaki ta bi ta har bakin titi tana ba ta haƙuri. Karo na biyu ma haka. Daga baya aka gane yadda abin yake. Uwar Ɗaki sai ta tsinci makullin, ta zo ƙuryata ta saka shi cikin gwangwanin maɓallai, ta ce, "Iya, ga ajiya." Washegari ko jibi Mai Alli za ta shigo ta gaida kowa, ta ajiye wa Rediyo burodi a kan keke, ta zo wurina.

"Iya, a taimaka mini da baƙin maɓalli."

In tura mata gwangwani. Ta sa hannu ta lalubo maɓallin, ta haɗa da abin da ya kawo ta. Ba wanda ke ɗaga kai.

Sau ɗaya ta taɓa yi mini maganar. Muna mu biyu, ta ce, "Iya, ina jin bakina yana faɗin abin, ni kuma kamar ina tsaye a gefe ina kallonsa. Ina so in riƙe shi, ba hali. In ya wuce kuma kunya ta hana ni barci." Na ce mata na san wasu da suka yi fama da irinsa a zamaninmu, sai dai mu ba mu da makullin jefawa.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, saboda haka kowa ta so ta taimaka. Matar ƙaninta ce ta fara. Ta shiga wani kamfani da ke ba mata kaya su sayar wa dangi da maƙwabta, ta zo shago da farar roba mai hoton wata mace tana dariya a cikin furanni.

"Yaya, wannan na mata ne zalla. Ki riƙa sha kullum, ba sai kwanakin sun zo ba. Kuma ba magani ba ne, ƙarin abinci ne. Ko kin sha da yawa ba abin da zai yi miki."

Wannan magana ta zauna mana duka. Uwar Ɗaki, da ta ga baƙuwa ta riga ta, ta je kantin magani ta yi bayani, aka ba ta wani bitamin aka ce mata suna jin daɗinsa. Rediyo ta ga wani a wayarta, na natsuwa da kwantar da jijiya, ta yi oda. Shi ma maigidan ba a bar shi a baya ba. Ya kawo wani gari mai ɗanɗanon lemo da ake kaɗawa a ruwa, wanda direbobi ke sha saboda gajiya, ya ce ai gajiya ce ke sa ta faɗa.

Mai Alli mace ce da za ta iya jefa maka makulli, amma ba za ta iya mayar maka da kyauta ba. Ta jera su a kan kantar da ke saman teburinta, kusa da kwalin alli, tana sha da shayin safe. Kowa kuma yana bibiyar nasa.

"Ya kika ji da nawa?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Haka take gaya wa kowa. Saboda haka kafin roba ta ƙare an kawo sabuwa. Ko sun yi aiki? Wani watan da sauƙi, wani watan makulli ya yi tsalle, kamar dai yadda yake tun da. Amma in an samu wata mai sauƙi, mutum huɗu ne ke jin daɗi a ransu, kowa na ganin nasa ne. A haka shekara ta zagayo har ta ɗora.

Alli ne ya fara faɗuwa. Tana cikin zane sai ya suɓuce, ta duƙa ta ɗauka, can an jima ya sake. Ta ce allin yanzu santsi gare shi. Sai ta fara cire takalmi tana murza tafin ƙafa a ƙafar tebur. Wata rana kuma na ga ta ɗauki bakin yadi ta nufi ƙofa da shi, ta tsaya inda rana ke faɗowa, tana juya shi.

Rediyo ta ce, "Yaya, yau kuma rana kike nema?"

"Iska nake sha. Ko ita ma sai na nemi izini?"

Aka yi dariya, aka bar maganar.

Lokacin komawa makaranta ya zo, aiki ya yi mana yawa. Muka karɓi rigunan wata makaranta, shuɗi mai duhu. Aka yanka, aka ɗinka, na sa maɓallai, aka rataye su a bakin ƙofa kafin guga. Da hantsi ya faɗo a kansu sai ga wasu a ciki gefensu ɗaya na sheƙi, ɗayan a dushe. Ba su da yawa, amma ba sa ɓoyuwa. Uwar Ɗaki ta zare su ɗaya bayan ɗaya ta tura ƙarƙashin teburinta.

"Yadin ne," in ji ta. "Masu rinin nan sun fara wasa da aiki."

Mai Alli ta ci gaba da zanenta. Ita ta san ba rini ba ne, Uwar Ɗaki ma ta sani.

Washegari ta yi aikinta har la'asar, a hankali, tana kai kowane ninki bakin ƙofa. Da ta gama ta share ƙarƙashin tebur, abin da ba aikinta ba. Ta shafa wa almakashi mai, ta naɗe shi a ƙyalle. Sannan ta je gaban Uwar Ɗaki, ta ɗora makulli a kan wani yadi da ke ninke.

"Anti, ga makullinki. Ki nemi mai yanka. Na gode da zaman da muka yi."

Uwar Ɗaki tana waya da shugabar makarantar, ta maƙale wayar da kafaɗa. Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, sai da safe." Har Mai Alli ta kai ƙofa ta kira ta da hannu, ta laluba jaka ta fito da sabuwar roba.

"Na ga naki ya kusa ƙarewa."

Mai Alli ta ɗan tsaya tana kallon robar. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya, ta fita. Uwar Ɗaki ta gama waya ta kawo mini makulli.

"Iya, ga ajiya."

Washegari ba ta zo ba. Ba wanda ya damu. Jibi ma haka. Yadi ya fara taruwa a kan tebur, kekuna suka rage gudu don babu abin ɗinkawa. Uwar Ɗaki ta kira ta, ta ce lafiya lau take, a gaida mutanen shago. Uwar Ɗaki ta ce mana wannan watan ya zo da ƙarfi, a ƙara mata haƙuri.

Rediyo ce ta tsayar da kekenta wata safiya, ta zare allura daga baki.

"Ni fa akwai abin da ke damuna. Makullin nan bai yi ƙara ba."

"Wane makulli?"

"Ran da ta tafi. Anti, ni kunne gare ni, kin san duk abin da ya faɗi a ɗakin nan sai na ji. Ban ji komai ba. Kuma ba ta zage ni ba. Tun yaushe Yaya ke tafiya ba ta zage ni ba?" Ta rage murya, abin da ba ta saba ba. "Sannan ba lokacinta ba ne. Ni da ita kusan tare muke yi, nawa ya wuce da daɗewa."

Uwar Ɗaki ta je teburin yanka ta ɗaga ƙyallen da aka naɗe almakashi a ciki. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Iya, gidanta a kan hanyarki yake."

Ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, igiyar shanya a baranda, kayan makarantar yara a rataye. Na same ta ita kaɗai a kan tabarma, rigar aikin mijinta a cinyarta, maɓalli ɗaya ya cire. Allura na kwance a kan tabarma. Tana tura ta da yatsa zuwa gefe don ta samu ta ɗauka. Da ta gan ni ta daina.

Muka gaisa. Na tambayi yara, ta tambayi ƙafata. Na ja rigar zuwa cinyata, na ɗauki allurar na fara ɗinkawa, tunda aikina ne. Sai da na kusa gamawa ta yi magana.

"Iya, ba na jin yadi."

Na ci gaba da ɗinki.

"Da fari kamar kiyashi ke yawo a ƙarƙashin fata. Yanzu kamar na sa safar hannu. Ina ganin yatsuna a kan yadi, amma ba sa gaya mini komai. Ƙafafun ma haka, kamar ina taka soso." Ta juya tafin hannunta tana dubawa. "Kawu ya ce mini mai yanka da ido rabin mai yanka ne. Ba zan tsaya ina ɓata wa Anti kaya tana cewa rini ne ba."

"Kin gaya wa baban yara?"

"Ce masa na yi hutu aka ba ni."

"Asibiti fa?"

"In ce musu me? Ba ciwo nake ji ba. Ina ganin rashin ƙarfin jiki ne, shi ya sa na ƙara waɗancan." Ta nuna saman firij. Robobin na nan a jere, ta kwaso su daga shago. "Yanzu safe da yamma nake sha."

Muna haka maigidan ya shigo, ya dawo ɗaukar rigar kafin ya koma layi. Ya gaishe ni da ladabi, ya karɓi rigar, ya duba maɓallin.

"Wannan ba ɗinkinki ba ne," ya ce wa matarsa.

Na tashi na ce zan sha iska a baranda. Daga can ba na jin abin da suke cewa sosai, kuma ban matsa ba. Muryarsa kawai na ji daga ƙarshe, ba da ƙarfi ba.

"Haba maman yara. Mota in sitiyari ya daina jin hannu, ai ba mai ake ƙara mata ba. Gareji ake kai ta."

Ya dace ina da ganin likita a satin saboda hawan jini, sai muka tafi tare, mu uku. Malamar jinya da ke bakin ƙofa ta tambaye ta ko tana shan wani magani. Ta ce a'a. Maigidan ya ce, "Sai dai na ƙarin lafiya." Malamar ta ce a kawo su duka. Shi ya koma gida ya kwaso su a cikin wata jaka da Mai Alli ta ɗinka da ragowar ƙyallaye.

Likitar mace ce, ba ta kai Mai Alli shekaru ba. Ta sa ta rufe ido, ta riƙa taɓa mata yatsu da auduga da wani ɗan tsinke tana tambaya ko ta ji. Na tuna da kawun nata. Aka ɗebi jini don a duba sukari da wasu abubuwa, aka ce mu dawo. Ran da muka koma likitar ta jera robobin a kan teburinta, tana juya bayan kowace.

"Ba ki da sukari," in ji ta. "Abin da nake zargi yana nan. Akwai bitamin da ake kira B6. Yana da amfani, har akan ba mata shi don irin damuwarki, amma kaɗan. Yana cikin wannan. Yana cikin wannan, da yawa ma. Yana cikin wannan. In ya yi yawa a jiki kuma aka daɗe ana sha, jijiyoyin hannu da ƙafa yake taɓawa."

Maigidan ya nuna garinsa mai ɗanɗanon lemo. "Har da nawa?"

"Har da naka."

Ya cire hula ya mayar.

Mai Alli ta ce, "An ce mini ba magani ba ne."

"Gishiri ma ba magani ba ne," in ji likita. "Ki ajiye su duka daga yau."

"Zai dawo?"

"Yawanci yana dawowa in an daina, amma a hankali. Watanni. Yana iya ma ɗan ƙaruwa kafin ya fara raguwa, kada ki tsorata. Ba zan yi miki alkawarin zai dawo duka ba."

"To kwanakin fa? Da me zan tare su?"

Likitar ta ajiye biro ta tambaye ta yadda suke zuwar mata, ta saurara har ƙarshe, har da makulli. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan abu ne sananne da ke da suna a wurinsu, ba mugun hali ba ne. Ta ce ta rage gishiri da shayi mai kauri a kwanakin, ta riƙa tafiya a ƙasa, ta samu barci. Ta rubuta mata kalsiyam, shi kaɗai. Ta ce in fushin da kukan suka ci gaba da hana ta zama da mutane, ta dawo, akwai magani na gaske da ake bayarwa a kan ƙa'ida, a kuma riƙa duba mutum.

Ni na kai labari shago. Nan take kowa ta fara wanke tata robar daga laifi.

"Nawa ai na natsuwa ne," in ji Rediyo. "Ina ruwan natsuwa da yatsu?"

"Nawa daga kantin magani ya fito," in ji Uwar Ɗaki. "Ba a waya na gani ba."

"Anti, naki ne fa likita ta ce da yawa ma. Ko ba haka ba, Iya?"

Na ce ban riƙe wace roba ce ba, duk farare ne. Matar ƙanin kuwa ta yi fushi ta ɗauke ƙafa, ta ce kayan kamfaninsu ba su taɓa cutar da kowa ba. Daga baya ta zo da lemo da ayaba, ba ta sake kawo roba ba.

Mai Alli ta zo da kanta bayan 'yan kwanaki. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai kawo ɗinki.

"Anti, maganata tana nan. Likita ba ta yi alkawari ba. Kada ki riƙe tebur saboda ni."

"Na ji," in ji Uwar Ɗaki. "Wannan karon na ji. Amma ina neman mai guga. Dutsen guga ba ya bukatar a murza shi."

"Zan ƙona miki kaya. Ko in ƙona hannuna ban sani ba."

"To zane. Ki zana, ni in shimfiɗa in yanka."

Rediyo ta ce, "Anti za ta yanka? Allah ya ji ƙan 'yan makaranta."

Haka aka yi. Uwar Ɗaki ta sa tabarau ta koma tebur, bayan shekarun da ta yi ba ta riƙe babban almakashi ba. Tana kai kowane ninki bakin ƙofa, tana dawowa tana haki. Aikin da Mai Alli ke gamawa kafin azahar sai ya kai mu yamma. Wata makarantar ta gaji da jira ta kai aikinta wani wuri. An kawo wa Uwar Ɗaki wani mai yanka, ta ce za ta yi shawara, ba ta sake ta da maganar ba. Mai Alli tana gefe tana zane, ta naɗa wa allin ƙyalle don ya yi kauri a hannu. Makulli na cikin gwangwanina. Kullum in na sa hannu neman maɓalli sai na taɓa shi.

Kwanakin wata ba su fasa zuwa ba. Ta fara sauka daga bas tun kafin a iso, tana ƙarasowa a ƙasa. Ta ce yana ɗan taimakawa. Duk da haka akwai watan da ta nemi abin jefawa ta rasa, ta jefa tef ɗin awo, shi kuwa ba ya ƙara. Rediyo ta ɗauko shi ta miƙa mata.

"Yaya, ko in ara miki makullin gidanmu?"

Ta so ta yi fushi, dariya ta riga ta. Bayan wannan ne ta koma wurin likita a kan maganar fushin, aka ɗora ta a kan wani magani, tana zuwa ana duba ta. Bai mai da ita wata mace daban ba. Ya dai rage tsananin abin.

Ƙafafun ne suka fara dawowa, ta ce soson ya yi siriri. Hannun ya fi jinkiri. Wani lokaci in ta ga ba mai kallo sai ta ja bakin yadi ƙarƙashin tebur ta murza, ta saki. Ban taɓa tambayar ta abin da ta ji ba.

Sai wata rana, lokacin makaranta ya sake matsowa, Uwar Ɗaki na shimfiɗa shuɗin yadin nan, ita kuma Mai Alli na tsaye a ɗaya gefen tebur suna musu da Rediyo a kan aljihu.

"Na gaya miki aljihun wando na yara ba a yi masa zurfi."

"Yaya, yaran yanzu har kwano suke sawa a aljihu."

"To ki ɗinka musu buhu. Ni abin da na zana ke nan."

Uwar Ɗaki ta jefo ninki na gaba, bakinsa ya faɗo kusa da hannun Mai Alli. Idonta na kan Rediyo, bakinta na kan aljihu. Hannun ya kama bakin yadin, ya murza, ya ɗaga ninkin ya juya shi, ya shafe shi ya kwanta. Ba ta daina magana ba.

Uwar Ɗaki ta tsaya. Ta ja bakin ninkin a hankali ta kai shi inda rana ke faɗowa, ta duba, ta duba na ƙasansa. Ta dawo ta mayar da shi yadda Mai Alli ta ajiye. Sannan ta cire tabarau ta sa a jaka, ta koma kujerarta ta zauna.

Sai a lokacin Mai Alli ta lura ɗakin ya yi tsit. Ta kalli yadin, ta kalli hannunta. Ta sake kama wani ninki, wannan karon da sani, ta rufe ido. Ta daɗe fiye da yadda take yi a da. Sannan ta buɗe ido. Ta zagayo tebur ta zo ƙuryata.

"Iya, a taimaka mini da baƙin maɓalli."

Na tura mata gwangwani.

Ba duka ya dawo ba. Ƙaramin yatsanta na hagu da na kusa da shi har yau ta ce kamar na aro ne, kuma siririn yadi mai santsi takan kai shi bakin ƙofa, ba ta ɓoyewa. Kantar da ke saman tebur kwalin alli ne kawai a kai. In baƙuwa ta shigo da jakar robobi tana talla, Rediyo ce ke raka ta waje da hira.

Makullin yana yin tsalle lokaci-lokaci, ba kamar da ba. In ya yi ƙara, Uwar Ɗaki ta tsince shi ta kawo mini. Amma na lura in Mai Alli ta zo gabanta a hankali, ko da zare za ta tambaya, Uwar Ɗaki takan kashe waya tukuna.